Wane suna ya dace da su judo da kareti a Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku a kan abin da Turawa ke kira martial arts, wato sunan da ya tattara judo da kareti da taikwando da makamantansu. Wasu suna cewa "fasahar faɗa", ni kuwa ban gamsu ba, domin magidancin da aka ce masa ɗansa zai shiga makarantar koyon faɗa da wuya ya biya kuɗin rajista, balle a ce 'yarsa ce.

Masu waɗannan wasanni sun daɗe da sanin nauyin suna. Lokacin da Jigoro Kano, Bajapanen da ya ƙirƙiro judo, ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokyo a 1882, daga jujutsu, tsohon salon faɗa na Japanawa, ya ɗebo yawancin dabarunsa, amma sai ya cire "jutsu", wato dabara, ya sa "do", wato tafarki, don mutane su ɗauki abin a matsayin tarbiyya, kuma da wannan suna judo ya shiga makarantun Japan har ya kai gasar Olimfik ta 1964. Kareti ma da farko "hannun Sin" ake nufi da shi a tsibirin Okinawa, sai a shekarun 1930 aka sauya rubutunsa ya koma "hannun da ba makami", saboda ya karɓu a wajen Japanawa.

Akwai masu ganin mu tsaya ga namu na gida, mu ce dambe ko kokawa. Kokawa ta ɗan yi kusa da judo, tunda kayarwa ake yi, amma dambe yana da nasa zare da kalangu da kirari, kuma tuni "damben zamani" ya kama wani wasan dabam. Ba kuma za a kira Abdoul Razak Issoufou Alfaga ɗan dambe ba, alhali da ƙafa ya ciyo wa Nijar lambar azurfa ta taikwando a gasar Olimfik ta birnin Riyo a 2016.

Ni dai na fi karkata ga "wasannin kare kai". Na san ba kowane ɗan wasa ne ke shiga fili don tsare kansa ba, wani lambar yabo yake nema, sai dai sunan yana faɗa wa sabon shiga abin da zai amfana da shi tun kafin ya ɗaura farar ɗamara. Kowane wasa kuma ya riƙe sunansa na asali, mu rubuta shi yadda bakinmu ke furta shi. Wanda yake da wanda ya fi wannan, ya kawo mu auna.