Nas-nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa, ya kuke fama da fom ɗin PHQ-9 da ire-irensa?

Maman Khalil: Salam 'yan uwa, don Allah masu aiki a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa ku zo mu tattauna. PHQ-9 ɗin nan da ake sa mu cikewa, tambaya 9, maki daga 0 zuwa 27, in ya kai 10 a ce akwai alamar ciwon damuwa, wai yana muku aiki kuwa? Ni dai mace za ta zo tana cewa tsakar kanta zafi, wani abu na yawo a jikinta, barci ya ƙaurace mata, amma kina tambayarta ko tana cikin baƙin ciki sai ta ce alhamdulillahi sai godiya, maki ya fito 4 alhali idonta duk ya faɗa.

Baban Amira: Sista ai tambaya ta 9 ce ma babbar matsalar, wadda ake tambayar mutum ko yana jin gara ya mutu. Wa zai amsa wannan ga uwar miji zaune a gefe riƙe da katin asibiti? Ga tsoron Allah, ga kunya, ga Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi. Ni sai na fitar da 'yan rakiya, na ajiye biro, mu yi hira tukuna.

Nas ɗin karkara: Ni kam ina bayan fom ɗin gaskiya. Ku kuna da likitoci a kusa, mu a ƙaramin asibiti babu, littafin mhGAP na WHO, jagorar kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa ga ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru a fannin ba, shi ne madogararmu. EPDS, takardar tantance ciwon damuwar masu jego mai tambaya 10, ita ce ta nuna min wata mai jego da kowa ke cewa miskilanci ne kawai, ashe ko nono ba ta son ba jaririn, kuka take kwana yi.

Anti Nas: MMSE fa, gwajin nan na gano alamar ciwon mantuwa? Dattijo manomi bai yi boko ba, a ce ya dinga cire 7 daga 100, ya faɗi kwanan watan Bature, shi kuwa lissafin watan Musulunci yake, ya san yau nawa ga Rajab sarai. Sai makinsa cikin 30 ya zube a fara zargin ciwon mantuwa. Abin na min ciwo wallahi.

Maman Khalil: Anti to ya kike rubutawa a fayil?

Anti Nas: Ina sa makin yadda ya fito ƙanwata, sai na ƙara a ƙasa cewa bai yi boko ba, ga kuma abin da ɗansa ya ce game da yadda yake gane hanyar gona da masallaci.