Wai janareto ka kashe batirin laptop?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a ni dai na gaji wallahi, laptop ɗin ga ko shekara ba ta yi hannuna ba batiri ya zama kwando, ana ɗauke wuta tana mutuwa, kuma na rantse janareton shagon cajin unguwarmu ne yak kashe shi don cajata orijinal ce.

Mai Gyara: Orijinal a ina? Ina ka saye ta?

Ɗan Tudun Wada: Tare da na'urar taz zo malam.

Mai Gyara: Zuwa tare bai maishe ta orijinal, in ta hannu ce duk cajar da ɗan kasuwa ya samu ita yake haɗa maka. Juya bayanta, in ka ga 100-240V to ita ka daidaita wutar kafin ta shiga, janareto sai dai ya ƙone cajar. Batirin lithium zafi ka cin shi, ka bar shi jone a 100% dare da rana bisa katifa cikin zafin Afrilu na Gusau sannan ka zo kana zargin mai shago.

Injiniyan Ƙaura: Wanga rubutu ai jabu ma na da shi. Orijinal nauyi gare ta, shike nan.

Hajiyar Mafara: Tawa USB-C ce 65W, ba ta da wani nauyi, har waya nake caji da ita, to ita ma jabu ce?

Injiniyan Ƙaura: Hajiya ki tsaya kan waya.

Hajiyar Mafara: Ɗana ka iya bakinka, na girmi yayarka.

Ɗalibi: Don Allah mai post ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. In ASUS ce akwai inda za ka tsayar da caji a 80% ko 60%, Lenovo ma na da irin wannan, Conservation Mode sunansa.

Mai Gyara: Nauyi fa Injiniya yac ce. Masu jabu har ƙarfe suke sakawa ciki. Mutanen Ƙaura tunda jirgin ƙasa ya bar zuwa kowa ya koma injiniya.

Injiniyan Ƙaura: Mi ya kawo Ƙaura cikin maganar? Kai da kake siyar da cajojin ai dole ka kare su.

Ɗan Tudun Wada: To ni batirina fa?

Admin: Ya isa. A taƙaice kowa ya yarda wutar janareto illa ce, mafita sola da inbata, akwai su shagona, a yi min magana ta inbox.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe wa ya yarda?

Admin: Na rufe comment.