Muhawara: Alfarma Ce Ko Rangwame?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo muku wannan magana. Ƙanwata ta kwana a asibiti tana jinyar mahaifiyarmu, da gari ya waye ta kama hanyar makaranta domin rubuta jarrabawar ƙarshe, sai cunkoso ya riƙe ta a Kwangila a nan Zariya, ta tarar an rufe ƙofa ba da jimawa ba. Ta nuna takardar asibiti, ta roƙi a yi mata alfarma, aka ce mata sai baɗi. Wace irin doka ce take cinye shekara guda daga rayuwar yarinya saboda 'yan mintuna? Domin mutane aka kafa doka, kuma rayuwa ba ta da tsawon da za a riƙa zubar da ita haka.

Malama daga Gyallesu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Sai dai ɗan'uwa, alfarmar nan da ka ambata ita ce ta durƙusar mana da makarantu, domin idan aka buɗe wa ƙanwarka ƙofa yau, gobe ɗan mai hali zai zo ba tare da wata takarda ba, kuma babu mai iya hana shi. Lokacin da matar nan ta Banu Makhzum ta yi sata, Usama bin Zaid ya je nema mata sassauci, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Ɗalibi daga Ƙofar Gayan: Malama, ki yi mini haƙuri, an gauraya abubuwa biyu. Alfarma saboda matsayin mutum ake yin ta, rangwame kuwa saboda halin da ya samu kansa. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya da matafiyi rangwamen azumi a aya ta 185 ta Suratul Baƙara, an ba matafiyi damar yin ƙasaru, kuma Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarayi a shekarar yunwa, shekara ta 18 bayan hijira. Za a kira waɗannan alfarma?

Malama daga Gyallesu: Malam, bakin mai maganar ne ya ce alfarma, ba ni na ƙirƙira masa ba. Kuma duk wanda ya taɓa sa ido a ɗakin jarrabawa ya san cewa kowace alfarma da rigar uzuri take zuwa.

Direba daga Sabon Gari: Allah ya gafarta Malam, tun da ka ambaci ƙasaru, ni kullum ina kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, kuma ina yin ƙasaru, domin an gaya mini tafiyar ta kai kusan kilomita 80.

Ɗalibi daga Ƙofar Gayan: A mazhabar Malikiyya mil 48 ne ma'aunin, kuma ba a fara ƙasaru sai an bar gidajen gari. Idan ka cire daga tasharku zuwa Ɗan Magaji da ke mafitar Zariya, ka cire daga Kawo da ke mashigar Kaduna zuwa tsakiyar garin, ina shakkar ko abin da ya rage ya cika. Ka koma ka tambayi wanda ya ba ka fatawar.

Direba daga Sabon Gari: Malamina ba yaro ba ne. Ku mutanen cikin birni kuna ganin duk karatun da ba a zaurenku aka yi shi ba, bai cika ba.

Ɗalibi daga Ƙofar Gayan: Ban raina malaminka ba, amma malaman zaurukan birni ba su cancanci wannan magana daga gare ka ba, kuma ina neman ka janye ta.

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, yarinyar tana ɗaki tana kuka, ku kuma kuna auna hanyar Kaduna. Har yanzu babu wanda ya gaya mini dalilin da zai sa ba za a shirya mata wata jarrabawar ba.

Dattijo daga Wusasa: Ɗana, ka lallashe ta. An umarce mu da mu ribaci ƙuruciya kafin tsufa, da sarari kafin hidima ta yi yawa. Kada ta zauna jiran baɗi hannu biyu, ta koyi sana'a, ta ci gaba da kula da mahaifiyarta.

Shugaban zaure: Na karanta komai, kuma a matsayina na wanda ya daɗe yana koyarwa, ina ganin mafi yawan masu magana sun yarda cewa alfarma ɓarna ce, kuma makaranta ta yi abin da ya dace, kamar yadda Malama ta kafa hujja da hadisi ingantacce. Bayanin ɗalibinmu a kan rangwame yana da kyau, amma ibada ya shafa, bai shafi jarrabawa ba. Batun ƙasaru a kai shi gaban malamai, kuma direba ya janye kalamansa kafin la'asar. An rufe wannan magana.