Tambaya: Ta yaya zan danne fure ya bushe ba tare da ya yi baƙi ba?

Malamar Firamare, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a aji biyar, kuma ina son ɗalibaina su haɗa kundin furannin da ke tsirowa a unguwanninmu, kowane fure a manne da sunansa. A watan Agusta mun saka furen auduga da na zogale da na kuɓewa a tsakanin shafukan manyan littattafai, amma da muka buɗe bayan mako biyu sai muka tarar da yawancinsu sun yi baƙi, wasu ma funfuna ta kama su har ta ɓata takardar. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki.

Malamin Tsirrai, Aliero:
Wa alaikumus salam, Malama. Laima ce ta ɓata muku aiki, domin Agusta tsakiyar damina ce, kuma takardar littafi mai santsi ba ta shan ruwa. Dannewa tana miƙar da fure ne kawai, takarda ce ke busar da shi, saboda haka wanda ya ɗora nauyi ya tafi bai sake waiwaya ba ya kulle furen ne tare da ruwansa. Ki sa yara su tsinko furen da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kada kuma su ajiye shi a leda har ya yi gumi. A shimfiɗa shi a tsakanin farar takarda biyu, a lulluɓe da tsofaffin jaridu sama da ƙasa, a raba kowane hawa da yankin kwali domin iska ta ratsa, sannan a ɗora katako da bulo. A kwanaki huɗu ko biyar na farko a riƙa canza jaridun kullum, amma a bar farar takardar da ke manne da furen, domin a lokacin yana da taushi kuma zai yage idan aka ɗaga shi. Daga nan canji ɗaya a kwana uku ya wadatar, kuma cikin mako biyu zuwa huɗu zai bushe. Da hunturu aikin ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai furannin daji sun fi yawa a ƙarshen damina.

Wannan hanya ce masana tsirrai ke bi tun ƙarni na 16, lokacin da wani malamin tsirrai mai suna Luca Ghini ya koyar da ita a Bologna da Pisa a ƙasar Italiya, kuma wasu kundayen da ɗalibansa suka haɗa suna nan har yau. A gida Najeriya akwai ma'ajiyar irin waɗannan busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Hajiya Mai Ɗinki, Argungu:
Malama, ni da dutsen guga nake yi idan ina sauri. Nakan saka furen a tsakanin takardu, in rage wuta sosai, in ɗora dutsen na ɗan lokaci ba tare da gogawa ba, in ɗaga ya huce, in sake. Sai dai zaɓen fure ya fi komai. Furen lalle da na wake da na riɗi suna kwanciya lafiya saboda ba su da kauri. Bado kuwa, wanda ya cika mana fadama a nan, ruwa ne cikinsa, sai an cire ganyayen furen ɗaya bayan ɗaya an danne su daban, a sake jera su a kan takarda daga baya. Na kuɓewa yana da yauƙi, shi ya sa ya manne miki ya ruɓe. Ki kuma hana yara taɓa tumfafiya, domin farin ruwanta yana yi wa ido illa.

Malamin Tsirrai, Aliero:
Hajiya ta yi gaskiya a kan zaɓen fure, amma ban goyi bayan dutsen guga ga aikin makaranta ba, domin zafi yakan dafa farin fure kamar na zogale ya koma ruwan ƙasa, ga kuma haɗarin ƙuna ga yara. Game da auduga, furenta yakan buɗe da launin rawaya mai haske, washegari ya rikiɗe zuwa ja-ja, saboda haka a danne guda biyu, na ranar farko da na rana ta biyu, a jera su a shafi ɗaya yara su gani da idonsu.

Dattijo Mai Ɗaurin Littattafai, Ƙauran Namoda:
'Yata, bari in ƙara miki batun ajiya, tunda shi ne sana'ata. Kada ki manna da salatif, domin yakan yi rawaya ya saki bayan 'yan shekaru, kada kuma ki yi amfani da ƙaro ko kunun sitaci, saboda suna kiran kyankyasai. Ɗigon farin gam na kafintoci a bakin tsinken ashana ya isa fure guda. A ƙasan shafin a rubuta sunan tsiron, da wurin da aka tsinko shi, da kwanan wata. Ki ajiye kundin a kwance cikin akwatin ƙarfe tare da ƙwayar kafur, nesa da bangon ƙasa saboda gara, kuma kada a rataye shi inda rana ke bugawa, domin takan cinye launin.

Malamar Firamare, Gusau:
Na gode, Baba, na gode Malam da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Za mu sake farawa a watan Oktoba da furen wake da na riɗi. Malam, idan jaridu suka yi mana ƙaranci, za a iya shanya waɗanda aka cire a rana a sake amfani da su?