Neman shawara: in sayi tabarau ɗin gani da dare don kwale-kwale?

Ɗan Yauri: Salamu alaikum. Kwale-kwalen nan gadon mahaifina ne, ni na sa masa inji da bashi, har yau ban gama biya ba, ga ƙanne uku a wuyana. Albasa nake ɗauka tsakanin Yauri da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, kuma 'yan kasuwa ba sa gama lodi sai rana ta yi ja. Makon jiya bayan magariba na hau kan kututture, farfela ta karye, da gora muka kai gaɓa. Tun ranar barci ya gagare ni. Wani ya yi min tallan tabarau ɗin gani da dare, na hannu, kuɗinsa kusan rabin na inji. In saya?

Baba Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka saya. Iri biyu ne: mai ƙara hasken wata da taurari ya nuna maka komai kore, da mai ganin zafin jiki. Babu wanda yake gani ƙarƙashin ruwa, kuma kututturan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam a 1968 can suke kwance. Mai koren, wani ya haska maka tocila, shi ke nan ka makance. Idonka ma sai ya yi kamar minti 30 kafin ya saba da duhu, leƙa ɗaya a ciki ka ɓata.

Maman Sadik: Ku direbobi tun farko ku daina cika kaya! Wanda ya ɗauko mu ranar kasuwa har babura ya ɗora, ruwa na taɓa baki, na yi magana ya ce in sauka. Kun manta hatsarin jirgin ruwa na garin Wara a 2021?

Masunci: Ni na ce ka saya, amma mai ganin zafi. Zai nuna maka dorina ko mutumin da ya faɗa ruwa. Mu ma mu huta, sau biyu ana yanke min kalli, wato ragar kamun kifi, da dare.

Ɗan Yauri: Hajiya, ni ban taɓa wuce ƙa'ida ba. Baba, kututturen da na buga kansa a waje yake, da na gan shi.

Baba Tsohon Direba: Da fitila mai ƙarfi da yaro a goshin jirgi ma ka gan shi. Kuma NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare. Irin waɗannan tabarau sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake shigo da su. Sojoji su kama ka da shi a yankin da 'yan bindiga ke tsallaka ruwa, me za ka ce musu? Sayi rigunan kariya, ka tashi da wuri.

Ɗan Yauri: In na ƙi lodin yamma wani zai ɗauka, mai bashi kuma ba ya jira.

Masunci: Wai wane iri ne ma ya yi maka talla?

Ɗan Yauri: Ban tambaya ba. Ya ce Asabar zai kawo in gwada.