Tura mutum sararin samaniya: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Safiyon Malali:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya da ta daɗe tana ci mini rai. Maƙudan kuɗin da ƙasashe ke zubawa don su ɗora ɗan Adam a kan roka su cilla shi sama, akwai abin da ake samu wanda na'ura ba za ta iya kawowa da araha ba?

Kada a ɗauka ni maƙiyin kimiyya ne. Ni safiyo ne, abincina yana rataye da tauraron ɗan'adam. Na'urar da nake kafawa a gona ko a fuloti daga taurarin GPS take karɓar lissafi. In damina ta yi nisa kogin Kaduna ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane a wajajen Kigo Road da Unguwar Rimi da Nasarawa, da hoton sama muke gane iyakar inda ruwa ya kwanta, mu san wanda ya yi gini a hanyar ruwa. Amma duk taurarin nan babu wanda mutum ke zaune a cikinsa.

Ku dubi lissafin. Shirin Apollo ya ci wa Amurka wajen dala biliyan 25 a kuɗin wancan zamani, mutum 12 suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, kuma tun Disambar 1972 ba wanda ya sake takawa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke zagaya mu a nisan kilomita 400, ta lashe sama da dala biliyan 100. Indiya kuwa da dala miliyan 74 kacal ta tura kumbon Mangalyaan, ya isa duniyar Mas a 2014. Motar nan Opportunity da Amurka ta sauke a Mas a 2004, aikin kwana 90 aka tsara mata, ta yi fiye da shekara 14 tana aiko da bayanai, ba ta nemi ruwan sha ba, ba ta nemi a dawo da ita gida ba. Tsadar duk daga jikin mutum take: iskar shaƙa, abinci, ban ɗaki, kariya daga zafi da sanyi, sannan uwa uba a sauko da shi da rai. Kuma ba kullum ake dacewa ba. Kumbon Amurka Challenger ya tarwatse da mutum 7 a 1986, kumbon Columbia ya tarwatse da wasu 7 a 2003.

Abin da ya fi damuna shi ne namu na gida. A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Najeriya za ta tura ɗan sama jannati kafin 2030. A 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta sa hannu a yarjejeniyar samar wa ɗan Najeriya kujera a kumbon kamfanin Amurka Blue Origin, tafiyar da gaba ɗayanta ba ta fi minti 11 ba. Alhali NigeriaSat-2, tauraronmu mai ɗaukar hoto, tun 2011 aka harba shi, kuma shekara 7 aka ƙera shi ya yi. Ni a ganina sabon tauraro ya fi mana kujera. Me kuke gani?

Baba Tsohon Malami, Unguwar Sarki:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta girme ka. Ana gobe za a harba Apollo 11 a Yulin 1969, wani limamin kirista baƙar fata mai suna Ralph Abernathy ya jagoranci talakawa da kekunan alfadarai har bakin filin harbawar, suna cewa yaya za a tafi wata alhali akwai masu kwana da yunwa a Amurka. Shugaban NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ya fito ya same su, suka yi magana ido da ido. To ka ga ba yau aka fara ba.

Amma bari in ba ka abin da yaran yanzu ba su sani ba. Mu nan Arewa muna da hannu a cikin tafiyar nan tun farkonta. A farkon shekarun 1960 Amurkawa sun kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da suka zagaye duniya. Lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya a Fabrairun 1962, Kano tana cikin wuraren da ake jin muryarsa in ya gifta ta samanmu. A Agustan 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ta tauraron Syncom 2, karon farko da shugabannin ƙasa biyu suka yi magana ta tauraron ɗan'adam. Wannan tarihinmu ne, ba aro muka yi ba.

Ina ɗan makarantar sakandare aka sauka a wata. A rediyo muka ji. Dattawa da yawa suka ce ƙarya ce, wasu suka ce saɓo ne. Mu yara kuwa sai muka addabi malaminmu da tambaya, me ya hana watan faɗowa, yaya mutum zai yi numfashi a can. Daga nan na kama hanyar kimiyya, ita na koyar har na yi ritaya, kuma cikin waɗanda suka bi ta ajina akwai likitoci da matuƙan jirgi. Ban taɓa ganin yaron da ya ce zai zama injiniya don an harba ƙarfe babu kowa a ciki ba. Mutum yake so ya gani, mai uwa da uba irinsa.

Sannan kuɗin ba a wata aka zube su ba, a ƙasa aka kashe su. Mutum wajen 400,000 suka yi wa Apollo aiki, daga masu walda har masu lissafi. Ƙananan sassan lantarkin da yau ke cikin wayarka, shirin ya sayi kaso mai yawa na waɗanda aka fara ƙerawa, har masana'antar ta tsaya da ƙafarta. A ƙololuwar gasar da Tarayyar Sobiyet, NASA ta karɓi kusan kashi 4 cikin 100 na kasafin gwamnatin Amurka. Yau ko rabin kashi ɗaya ba ta kai ba. In ana neman inda kuɗin duniya ke zurarewa, a dubi na makamai tukuna.

Maman Hanif, Barnawa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da tarihin Kano, ban taɓa ji ba. Amma a yi mini afuwa, ina bayan Malam Safiyo.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma hujjar da aka fi kawo mana ita ce wai binciken da ake yi a tashar sama yana amfanar marasa lafiya. Akwai gaskiya a ciki. Ɗan sama jannati yana asarar wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ƙashinsa duk wata, don haka likitoci sun koyi abubuwa game da raunin ƙashi. A tashar kuma suna tace gumi da fitsari su mayar da su ruwan sha, har kashi 98 cikin 100 suke ƙwatowa. Abin sha'awa ne. Sai dai in ruwa mai tsabta kake so a Rigasa, rijiyar burtsatse da famfo za ka yi, ba sai ka biya ta sama ba. Yaran da nake gani suna zuwa da gudawa da cizon sauro, maganinsu an san shi tun kafin a haife ni. Abin da ya rage shi ne ya isa hannun uwa a kan lokaci.

Kuɗin Amurka nasu ne, su yi yadda suka ga dama. Damuwata ita ce ƙasa irin tamu ta ce sai ta yi abin da za a gani a talabijin. Ku dubi Malesiya. A 2007 ta tura likita, Sheikh Muszaphar Shukor, tashar sama a kumbon Rasha, cikin watan Ramadan, har malamansu suka fitar da bayanin yadda zai yi salla da azumi a wurin da rana ke fitowa ta faɗi duk bayan minti 90. Kujerar tasa tana cikin cinikin jiragen yaƙi da ƙasar ta saya daga Rasha. Ya je ya dawo lafiya, an yi murna. Har yau ba su tura na biyu ba. Wannan nake gudar mana, a yi biki a watse, ba a bar wa na baya komai ba.

Injiniya Ɗan Panteka:

Gaisuwa ga Baba da Anti. Yaya Safiyo, lissafinka daidai ne amma ka ɗora nauyi a gefe ɗaya.

Na tashi a Panteka a gaban mahaifina, kuma abin da na fara koya shi ne duk abin da aka ƙera wata rana zai lalace, sai an sa masa hannu. Madubin hangen nesa na Hubble, da aka harba a 1990, sai da ya isa sama aka gano an yi kuskure wajen goge gilashinsa, hotunansa dishi-dishi. Da babu mutum, da biliyoyin daloli sun bi ruwa. A Disambar 1993 'yan sama jannati suka je da kayan aiki suka gyara shi, kuma sau 5 ke nan ana zuwa ana yi masa gyara da sauyin kaya. Shi ya sa ya haura shekara 30 yana aiki. Mu mun san zafin rashin wannan. Tauraronmu na sadarwa NigComSat-1, da Sin ta harba mana a 2007, farantan solarsa suka samu matsala ya mutu a 2008, sai da aka harba madadinsa a 2011. Gaskiya ne shi can nesa yake, wajen kilomita 36,000, inda ba a taɓa kai mutum gyara ba, amma ka ga abin da nake nufi.

Ga kuma sauri. 'Yan Apollo sun kwaso kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata. Na'urorin Sobiyet uku da suka je babu mutum, duka-duka giram 300 da ɗan abu suka kawo. Opportunity ɗin da kake yabo, kilomita 45 ta yi a shekara 14. Mutum biyun Apollo 17 sun yi wajen kilomita 35 a kwana uku, ɗayansu masanin duwatsu ne, yana gani da idonsa yana zaɓa. A Mas, umarni ɗaya kan ɗauki daga minti 4 zuwa sama da 20 kafin ya isa, sannan ka jira amsa.

Kuma farashi yana sauka. Tun da kamfanin SpaceX ya fara sauke rokarsa a tsaye a 2015 yana sake amfani da ita, lissafin zamanin Apollo ya daina aiki yadda yake.

Inda na yarda da kai da Anti shi ne batun Najeriya. Indiya ba da mutum ta fara ba. Tauraronta na farko 1975, rokarta ta kanta 1980, ta kai kumbo wata a 2008, ta sauka a kansa a 2023, sai yanzu take shirin tura mutum da kayanta. Mu mun ga abin da ya faru da masaƙun Kakuri. Injuna aka sayo, in ƙaramin ƙarfe ya karye sai an aika waje. Sayen kujera ma haka yake.

Safiyon Malali:

Na gode ƙwarai. Baba, maganar yara ta shige ni, don ni ma ban san yadda ake auna ta da kuɗi ba, kuma ba zan ce ƙarya ce ba.

Ƙanina Injiniya, na karɓi Hubble. Amma na'urorin yau ba na 1970 ba ne. Kumbon Chang'e 5 na Sin ya kwaso kilo 1.7 na ƙasar wata a 2020, Chang'e 6 ya kwaso daga bayan wata a 2024, gefen da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa takawa. Magajin Hubble ɗin ma, James Webb, yana can nisan kilomita miliyan 1.5 inda ba mai zuwa gyara, kuma yana aiki. Ga shi mai binciken kuɗi na NASA da kansa ya ƙiyasta cewa kowace ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen farko na shirin Artemis, wanda za a koma wata da shi, za ta ci wajen dala biliyan 4. NigeriaSat-1 da muka harba a 2003 wajen dala miliyan 13 ya ci, kuma har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauka wa Amurka a 2005. Ka raba biliyan 4 da miliyan 13 ka ga taurari nawa ke nan. Ina nan kan bakana. A ba ni tauraron da zai nuna wa manomin Giwa da Soba yanayin gonarsa, ya nuna abin da ke motsi a dajin Birnin Gwari.

Injiniya Ɗan Panteka:

Yaya, to ga wadda za ta haɗa mu. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da NASRDA, tare da wata jami'a a Japan, sun ƙera ɗan ƙaramin tauraro mai suna NigeriaEduSat-1. Faɗinsa santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa wajen kilo ɗaya. Ɗaliban Ghana ma sun yi nasu a shirin. Rokar SpaceX ce ta kai su tashar sama a cikin kaya, daga ɓangaren Japan na tashar aka sake su suka kama zagaye. Wato tashar nan mai mutane, wadda ka ce ta yi tsada, ita ce ta zama ƙofar da ɗalibai marasa roka suka bi.

A jihar nan muna da ABU Zariya, da Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama ta Zariya, da Kaduna Poly, da makarantar fasaha ta sojan sama a Mando. In Akure ta yi, ban ga abin da zai hana su haɗa kai su yi irinsa ba, mu kuma a Panteka akwai masu hannun da za su iya koyon aikin ƙarfensa. In akwai malami ko ɗalibin ɗaya daga cikin makarantun nan a zauren nan, don Allah ya faɗa mana ko an taɓa gwadawa, da abin da ake buƙata kafin a shiga irin wannan shiri.