Wai duk wadda ta je waje ta bar gyara, dama can ba 'yar gyara ba ce?

Gwaggo Asabe (Tudun Wada): Salamu alaikum 'yan gidan nan. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya yau dai sai na faɗe ta. Yaranmu da ke ƙasashen waje, da yarinya ta shekara biyu a Ingila ko Kanada sai ta dawo mana gashi duk ya karye, ƙafa ba lalle, jiki ba ƙamshi, in ka yi magana a ce wai yanayin can ne. Ni ban yarda ba. Mace in 'yar gyara ce ko daji aka kai ta sai ta gyara, wadda ta bari kuwa dama can son jiki gare ta, mu ne muke rufa mata asiri a gida.

Maman Ilham (Landan): Wa alaikumus salam Gwaggo ina wuni. Allah ya huci zuciyarki amma wlh maganar nan ta yi mana nauyi. Bari in fara da ruwa kawai, ruwan famfon Landan ta cikin ƙasa mai alli yake biyowa, in kin ga cikin butar shayinmu farin abu ne ya daskare a gindinta, to shi ne dai yake zama a gashi, sabulu ba ya kumfa yadda ya kamata, ki wanke kai ki ji ya yi tauri kina tajewa yana zubewa. Ga hita da ake kunnawa tun wajen Oktoba har Afrilu tana busar da iskar ɗaki, ki shafa mai da safe kafin azahar kin yi furu-furu.

Gwaggo Asabe: To mu hunturun Kaduna ba ya busar da jiki ne? Ƙafa har tsagewa take yi a Disamba, ai man kaɗanya da basilin muke bi da shi ba mu zauna muna ba da uzuri ba.

Anti Rabi (Unguwar Rimi): Ni dai gsky rabin maganar Yaya Asabe ina bayanta. Sana'ata ce, turaren wuta da humra da dilka nake haɗawa kuma ina da kwastomomi a Manchester da Birmingham da duk bayan 'yan watanni sai sun yi oda na kai kago. Su ba a Ingilar suke ba? Wadda ta sa abu a ranta tana yi.

Zainab (Winnipeg): Anti Rabi ki tambaye su da me suke kunnawa dan Allah. Nan ba a zancen kasko da garwashi, ginin da nake akwai alam na hayaƙi a silin, in ya tashi ba ɗakinki kaɗai ba duk mutanen bene ne za su fito waje cikin ƙanƙara a jira 'yan kwana-kwana, kuma a takardar hayar ma an rubuta ba a kunna kyandir ko turaren hayaƙi. Sannan humra, asibitoci da ofisoshi da yawa a Kanada suna da takarda manne a ƙofa cewa kar a shigo da ƙamshi saboda masu asma da masu ciwon kai. Ranar aiki ko ɗigo ba na sawa, sai Juma'a da ƙarshen mako.

Anti Rabi: Bona ta lantarki mana, tana ƙona shi a hankali hayaƙin bai kai na garwashi ba. Ki buɗe taga ki sa kayanki a kan kabbasa.

Zainab: Taga a Janairu a Winnipeg Anti? Sanyi yana kai 30 ƙasa da sifili fa

Maman Ilham: Mu ma nan tun 2015 doka ta wajabta wa masu gidan haya a Ingila su sa alam ɗin a kowane hawa. Bonar ita nake amfani da ita a kicin in kunna fankar zuƙe hayaƙi, amma kar a ce daidai yake da a zauna a kan kasko a tsakar gida a lulluɓa da bargo, ba ɗaya ba ne.

Yaya Hadiza (Malali): Ku tsaya in sa baki a nan a matsayina na mai aikin magani, don na ji ana ba wa yara shawarar su cire batirin alam ko su ɗaure shi da leda. Kar wadda ta kuskura. Gidajen can a toshe suke ruf saboda sanyi, gawayi kuma in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya ji ciwon kai da jiri ya kwanta shi ke nan. Mu nan ma a hunturu ana rasa mutane ta haka, balle can.

Gwaggo Asabe: To na ji turare. Kitso fa? Shi ma alam ne ya hana?

Maman Ilham: Kitso kuɗi ne da lokaci Gwaggo. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi a nan ya kai fam 12.21 a awa, to macen da za ta zauna a kanki awa uku ki lissafa da kanki, ba a sa kuɗin jirgin ƙasa zuwa wajenta ba, kuma yawancin masu salun ɗin da na samu a Peckham ƙarin gashi suka fi ƙwarewa a kai, ni kuma shuku nake so ko zanen yawo da gashina wanda zan yi alwala ba damuwa. Sai da na koyi yi wa kaina da madubi biyu, kalaba manya guda shida ko takwas, daren Lahadi bayan yara sun yi barci.

Gwaggo Asabe: Yauwa, kin ga maganata ta fito ke nan. Da kika so ai kin koya.

Maman Ilham: A'a Gwaggo ba ta fito ba. Dan Allah ki yi haƙuri da tambayar da zan yi, yaushe rabon da ki yi wa kanki kitso da hannunki? Ko ki ƙunsa wa kanki lalle a ƙafa biyu? A Tudun Wada mai kitso tana bayan layinku, tsifa Ummi ko wata jika ce za ta yi miki kina kishingiɗe, mai ƙunshi ta zo har gida ta yanka salatif ta shafa ta ɗaure miki leda, kuma duk awannin da ƙafarki take ɗaure akwai mai sauke tukunya akwai mai buɗe ƙofa akwai mai kama yaro. Dilka ma wani ne yake murza miki baya. Duk gyaran da muka tashi da shi hannun mutane ne, ba wadda take yin shi ita kaɗai. Ni nan in na ɗaure ƙafa Ilham ta yi kuka wa zai ɗauke ta? Babanta yana wajen aiki, maƙwabciyata ko sunanta ban sani ba. Shi ya sa kalmar son jiki ta yi min ciwo, mace ta yi aikin awa 12 a tsaye ta dawo ta yi girki ta yi wanki ta kai yara makaranta, a ce mata mai son jiki don ƙafarta ba ja.

Ummi (Kawo): Wlh Gwaggo gaskiya ne, ni ce nake miki tsifar ai

Gwaggo Asabe: Ke Ummi ban sa da ke ba. Mu a zamaninmu ba mai biyan kuɗi, junanmu muke yi wa a gida.

Yaya Hadiza: To ai abin da take faɗa ke nan Gwaggo, junanku. Ita ba ta da na biyun.

Maman Sadiq (Jidda): Ni abin da zan ce a daina cewa waje kamar ƙasa ɗaya ce. Nan Jidda ba abin da na rasa, bakhur da oud a kowane shago, 'yan Sudan suna yin dilka da halawa da dukhan, wato turaren tsugunno, fiye da yadda muke yi, Hausawa masu kitso kuwa ba a magana. Har na fi gyara a nan kan lokacin da nake Badarawa. Da a ce halin mace ne kawai da ba za a ga bambanci tsakanin wadda aka kai Saudiyya da wadda aka kai Kanada ba, kuma ana gani.

Anti Rabi: Amma a Landan ɗin ma akwai 'yan Sudan da Somaliya, kuma 'yan Pakistan suna zanen lalle.

Maman Ilham: Akwai Anti, daren Sallah in kika je Green Street layi ake yi. Sai dai aikin asibiti da na kula da tsofaffi suna da ƙa'idar hannu, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ba agogo ba jan farce ba farcen kanti saboda wankin hannu, kuma da sabulu da sanitaiza duk bayan mintuna lallen ma kwana nawa zai yi. Na fi yin na ƙafa in na samu hutu.

Yaya Hadiza: Tunda an zo kan lalle, baƙin nan na dayis da ake yi wa amare ku yi hattara da shi ko a ina kuke. Akwai sinadarin PPD a ciki, na rinin gashi ne, a Ingila da Turai ba a yarda a zana shi a fata ba don yana ƙona wasu har ya yi ƙuraje masu ruwa, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa ko rinin gashi ta yi daga baya zai iya tayar mata. Jan lalle na ganye ba shi da wannan. Sai maganar da ba a son faɗa, wasu da ake cewa sun dawo sun yi duhu ba lalacewa suka yi ba, man bilicin ne ya yanke musu. Tun 2001 aka hana sa sinadarin bilicin na hydroquinone a man shafawa a can, mu nan sai 2023 NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin amma har yau ki shiga Kasuwar Barci ko babbar kasuwa haɗin da ba suna ba lamba yana nan a robobi. Yarinya ta koma kalar da Allah ya yi ta mu ce ta bar gyara.

Anti Rabi: Ni dai ba na haɗa wannan, kurkum ne da dilka da man kaɗanya, kowa ya sani

Yaya Hadiza: Na sani Anti ba da ke nake ba. Zainab da Maman Ilham ku kuma in gashi yana zuba sosai kar ku ɗora wa ruwa kaɗai, a duba jini, ƙarancin sinadarin ayon yana zubar da gashi musamman bayan haihuwa. Kuma hukumar lafiyar Ingila ta ba da shawarar masu baƙar fata su riƙa shan bitamin D maikirogiram 10 kullum duk shekara saboda ƙarancin rana, balle mu masu hijabi.

Gwaggo Asabe: Duk na ji. Amma ku fahimce ni, ni aurenku nake ji. Namiji ya fita ya ga mata iri-iri ya dawo gida ba ƙamshi ba kwalliya, shi Bahaushe ne ko a ina yake, abin da ya saba gani a gidansu shi yake nema.

Zainab: To Gwaggo shi ma ya san inda ya kawo ta ai. In yana son ƙunshi ya riƙe yara ranar Asabar ya shiga kicin, ko ya biya kuɗin mai yi. Mazan ma sun canza fa, mijina kilifa ya saya yake yi wa kansa aski a banɗaki saboda tsadar shago, ban ji wani ya ce masa mai son jiki ba.

Gwaggo Asabe: Aski daban gyaran mace daban 'yar nan. Ni har yanzu ina nan a kan cewa akwai waɗanda uzurin ya yi musu daɗi, na san su ba sai na kira suna ba. Amma Maman Ilham ban sa ki a ciki ba, Allah ya yi miki albarka. Rabi ki haɗa musu kaya ni zan biya, a sa man shanu mai kyau na kai.

Maman Ilham: Amin Gwaggo na gode Allah ya ƙara girma. Amma banda man shanu, an hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga Najeriya, shi da kilishi ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Humra kuma a babbar jaka za a sa, ta hannu ba a wuce mil 100, a naɗe murfin da salatif sosai. Garin karkashi nake so da man kaɗanya da sabulun salo.

Zainab: Ni halawa Anti, nan kuɗin cire gashi ya yi yawa

Anti Rabi: Halawa ba sai an aiko ba, sukari ne da ruwan lemon tsami da ɗan ruwa, ki dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi kalar zuma, ki ɗiga a ruwan sanyi in ya dunƙule ya yi, ki bari ya huce sosai kafin ki taɓa don yana ƙona hannu, sai ki yi ta ja har ya yi haske. Ki kira ni ta bidiyo ranar da za ki yi in duba miki kalar. Wa ke da tafiya a watan nan a cikinku, kuma kilo nawa zai iya rage mana a cikin kilo 23 ɗin jakar jirgi?